Darbejiyar Masaƙa

Har yau ba na asuwaki da darbejiya. Jikokina sun ɗauka tsirfar tsufa ce, suna yi mini dariya a bayan ido. Na gaji da bayani da baki, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ni ɗan masaƙa ne, na kuma yi saƙar da hannuna har na yi aure na haihu a cikinta. Garinmu yana ƙasar Gumel, a kan hanyar da ta taso daga tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa ta miƙe zuwa Maigatari. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, kafin mulkin kai, lokacin da gyaɗa ta haukata kowa.

Wanda bai san saƙa ba sai ya zaci aikin zaure ce kamar ɗinki. Ba haka ba ne. Masaƙi yakan kafa masaƙarsa, ya miƙe zare ya yi nisa a gabansa, ya ɗaure ƙarshen a jikin dutsen da aka ɗora bisa ɗan katako. Kunkuru muke kiran dutsen nan, don yadda yake jan ciki yana matsowa a hankali in ana saƙa. Babu zauren da zai ɗauki wannan tsawon. Sannan zare ba ya shiri da rana. In ta buge shi sai ya bushe ya yi ta tsinkewa, ka wuni kana ƙulli maimakon jefa ƙoshiya. Don haka bayan lafiya, abin da masaƙi ke roƙo a wajen Allah shi ne fili mai tsawo da inuwa mai kauri.

Mu kuwa muna da su. A bakin tsohuwar kasuwa akwai waɗansu tsamiyoyi a jere, rassansu sun haɗe, rana ba ta samun ƙofa. Kakan Baba ne ya yi rainonsu. Ƙasar da ke gindinsu ta sha sauya hannu, amma itatuwan ba su taɓa barin gidanmu ba, don haka al'adarmu take: itace na wanda ya shayar da shi ne da 'ya'yansa, ko da a gonar wani ya tsaya. A nan Baba yake zama, shi ne babba a cikin masaƙan gari, sauran suna jere a hagunsa har zuwa kaina. Innarmu kuma ba ta taɓa sayen tsamiyar kunu ba.

Sai gari ya fara cika. Motocin gyaɗa suna ta zirga-zirga, mutane suna ta kwararowa daga Ɗanzomo da ƙauyukan Sule Tankarkar, har da na tsallaken iyaka daga Damagaram. Kowa ya zo sai ya kafa danga inda ya ga dama. Rijiya ɗaya ce, kullum ana dambe a bakinta. Mahauta suna yanka a bayan gidajen mutane. Mara lafiya sai a ɗora shi a jaki a nufi Gumel, wani ya kai, wani bai kai ba. Ba zan yi ƙarya ba, garin yana bukatar gyara, kuma da mutanen hukuma suka zo da sarƙar awo da turaku, ni ma ina cikin masu murna. Ɗakin shan maganin da suka gina shi ya ceci idon 'yata ta fari. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce tsohon nan gaba yake da ci gaba.

An tara magidanta a ƙofar gidan dagaci, malamin awo ya tashi ya yi bayani. Saurayi ne mai ladabi, yana ta goge gumi. Ya ce za a fitar da hanya miƙaƙƙiya ta ratsa gari, ga inda ɗakin shan magani zai zauna, ga ɗakin karatu, ga sabuwar rijiya ta siminti, ga mahauta can bayan gari. A tsakiya kuma za a bar fili a dasa itatuwa, domin gari ya riƙa samun iska. Jama'a suka yi ta “madalla”. Baba ne kawai bai taya su ba, don da safe ya ga inda aka kafa turakun hanyar, sun bi ta tsakiyar tsamiyoyinmu.

Da aka yi shiru sai ya ce, “Ranka ya daɗe, hanyar nan ba za ta ɗan karkata ba? Ko kaɗan ne.”

Malamin ya ce, “Baba, mota ba jaki ba ce, ba ta iya kewaye-kewaye. Amma ka kwantar da hankalinka, itatuwan da za a dasa sun fi waɗannan yawa.”

Kwana da kwanaki aka yi ana sara. Tsamiya ba ta faɗuwa da sauƙi, gatura nawa ta dakusar. Daga baya aka tara wuta a kututturan. Baba bai leƙa wurin ba ko sau ɗaya. Ni na je, na tsaya ina kallo, na dawo gida ban iya cin tuwo ba.

Da damina ta sauka sai malamin daji ya iso da 'yan tsirrai a cikin ƙananan kwanduna. Darbejiya ce, wasu suna ce mata maina. A lokacin baƙuwa ce a wajenmu. Baba ya tsinki ganye ya tauna, ya tofar, ya ce wannan ba miya ba kunu, amma da aka ce masa tana saurin girma kuma ba ta kaɗe ganye da bazara, sai na ga ya gyara tsayuwa. An riga an haƙa ramuka a filin layi-layi, a miƙe sak. Mai unguwa ya ce kowane gida ya zaɓi rami ya ɗauki nauyin rainonsa. Baba ya bi layin da ke gefen yamma da ido tun daga wannan ƙarshe har wancan, ya waiwayo ya dube mu. Kowane masaƙi ya gane. Ko mu aka ba awon, ba za mu ja layin da ya fi wannan dacewa da zare ba. Nan take muka raba layin a tsakaninmu, Baba ya ɗauki na farko saboda girmansa, ni na ɗauki na kusa da shi.

Babu wanda ya tambayi malamin daji ko itatuwan na wa za su zama. Ina dalilin tambaya? Mutum ba ya raina ɗa sannan ya je ƙofar dagaci neman a gaya masa ko nasa ne. Shi ma malamin bai ce komai ba, don a tasa ƙwaƙwalwar babu ma abin faɗa. Mai unguwa da ya ce mu zaɓa, shi ma yadda muka fahimta haka ya fahimta.

Wanda bai ja ruwa a ƙasarmu da bazara ba bai san abin da ake nufi da shayar da itace ba. Rijiyarmu in ka jefa guga sai ka jira kafin ka ji ya taɓa ruwa. Igiya ta cinye mana tafin hannu. Da an sallame sallar asuba muke fita da tuluna, ni da Baba da sauran masaƙa, mu shiga layi da masu shayar da dabbobi, mu ja, mu ɗauka a ka har filin. Akwai watannin da ruwan yake ja da baya, ya zama laka-laka, a gida ana auna shi da ludayi. Inna ta taɓa ce wa Baba, “Malam, wai mu ne iyalinka ko ɗan iccen nan?” Ya yi dariya ya ce duka. Daga nan ya daina alwala a gida, sai ya ɗauki butarsa ya tafi gindin tsiron ya yi a can, don kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza. Muka kewaye su da ƙaya saboda awaki da raƙuman fatake. Gara ta taso, muka yi ta zuba toka. Nawa ya mutu sau ɗaya, na roƙi wani na sake dasawa, na koma farko.

Sauran gari fa? 'Yan kasuwa da dillalan gyaɗa sun karɓi nasu ramukan a gaban mai unguwa da bakin “to”, bazarar farko ba ta ƙare ba duk suka bushe. Babu abin da aka yi musu sai faɗa. Ban ga laifinsu ba, su suna da rumfuna, ba su da abin da za su yi da inuwar. Filin nan gaba ɗaya ya koma rairayi da busassun ƙayoyi, in ban da layin masaƙa da ya yi shar.

A tsawon shekarun nan muna saƙa ne a ƙarƙashin wata rumfar kara da muka kafa a bakin filin. Kanmu yana inuwa, zaren yana rana. Kullum tsinkewa, kullum ƙulli, sawayen da muke fitarwa duk tabo. Ga akoko da atamfa sun cika kantuna suna cin kasuwarmu. Masaƙa suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wannan ya koma dakon gyaɗa, wancan ya bi mota. Baba kullum maganarsa ɗaya ce, mu yi haƙuri, inuwa tana tafe. Yakan tsaya jikin nasa iccen ya gwada tsayinsu, ya dawo ya ce mana yau ya wuce kafaɗarsa, yau ya wuce hularsa.

Akwai wani Badamagare da ke sayen sawaye a hannunmu yana kai wa kasuwar Maigatari. Wata rana ya tarar da mu muna ban ruwa, ya tsaya yana kallo.

Ya ce, “Malam, garkar nan taku ce ko ta hukuma?”

Baba ya ce, “Wa ka gani da tulu a ka?”

Ya ce, “To, Allah ya sa. A wajenmu dai in Mushe, Baturenmu, ya sa aka shuka icce, har inuwar tasa ce.”

Baba ya ce wannan halin Faransa ne, nan ba a haka. Muka yi dariya, mutumin ya ɗaure kayansa ya tafi.

Itatuwan suka girma, rassa suka fara taɓa juna. Baba ya ce mu bari a gama girbi, mu shiga da sabon zare. Ana cikin haka wani babban baƙo na hukuma ya zo rangadi, aka zaga da shi ya ga ɗakin shan magani da rijiya da mahauta. Da ya iso filin ya ga layinmu kore shar a tsakiyar rairayi, sai ya tsaya ya yi ta yabo. Malamin daji aka yaba wa, ba mu damu ba. Baƙon ya ce wuri irin wannan bai kamata a bar shi haka ba, a gyara shi ya zama abin koyi ga sauran garuruwa. Wannan yabon ne ya kashe mu. Da mun bar su sun bushe kamar na kowa, da babu wanda ya waiwaye su.

Ba a daɗe ba leburori suka zo suka kafa ƙarafa, suka ja waya mai ƙaya ta kewaye layin, suka zuba kujerun siminti a gindin itatuwan, aka shuka waɗansu furanni, aka sa ƙofa. Baba yana ta yi musu sannu da aiki. Ya ce mini, “Ka ga mutanen nan, sai yanzu da icce ya fi ƙarfin akuya suka tuna da shinge.” Har fura ya sa aka kai musu.

Ranar da muka sa, muka tashi da hantsi, ni ina ɗauke da sandunan masaƙa, wani ya ɗauko kunkuru, Baba yana gaba da ƙunshin zare, ya sa wankakkiyar riga kamar mai zuwa Juma'a. A bakin ƙofa muka tarar da mai gadi cikin kaki. Ba baƙo ba ne. Ɗan maƙwabcinmu ne, sa'ana, tare aka yi mana kaciya, kuma Baba ne ya koya masa jefa ƙoshiya. Icce na huɗu ko na biyar a layin shi ya shayar da shi kafin ya bar saƙa ya sami wannan aiki.

Ya durƙusa ya gai da Baba, amma bai matsa daga ƙofar ba.

Ya ce, “Baba, ka yi mini rai. An ce ba a shiga da kayan sana'a.”

Baba ya ce, “Wa ya ce?”

“Daga sama ne, Baba. An ce wurin hutawa ne. Kowa yana iya shiga ya zauna, amma ba a kafa komai, ba a haƙa rami, ba a ciniki.”

“Hutawa? Wa ya gaya musu na gaji?”

Yaron nan kansa yana ƙasa, ya ce, “Wallahi Baba ba ni ba ne.”

Ni da zuciya ta ɗebe ni na ce a ture shi mu shiga. Baba ya ɗaga mini hannu. Muka juya da kayanmu a ka, mutanen kasuwa suna kallo.

Mun je wajen dagaci. Ya ce wallahi shi ma ya ɗauka namu ne, amma abin ya fi ƙarfinsa. Muka je wajen malamin daji. Shi mamaki ma yake yi, har ga Allah bai ga abin ƙara ba. Ya ce, “Ai ba wanda ya hana ku zama. An yi wurin ne don jama'a su sha iska, ku ma jama'a ne.” Baba ya ce, “Malam, a garin nan ka taɓa ganin magidanci mai mutunci ya fito da rana ya zauna a bainar jama'a ba ya komai? Me za a ce da shi?” Malamin ya ce a hankali mutane za su waye.

Ba su waye ba. A wajenmu mutum yana zama a inuwa ne da aiki a hannunsa, ko tufka, ko ɗinkin hula, ko karatu, in kuwa hira ce to a ƙofar gidansa ko ta abokinsa. Wanda ya je ya hau kujerar siminti ya harɗe ƙafa, sunansa zauna-gari-banza kafin la'asar. Don haka lambun ya zauna wayam, ƙadangaru ne kaɗai ke hawa kujerun. Wani lokaci akawun ɗakin karatu yakan shiga ya ci ƙosai ya fito. Furannin suka bushe. Daga baya yara suka karya wani reshe, aka sa wa ƙofar kwaɗo, ba a buɗewa sai in baƙo zai zo.

Sauran masaƙan suka watse. Ni ma na fara bin fatake zuwa Maigatari, don iyali ba sa cin haƙuri. Baba ne ya ƙi. Ya lura da safe inuwar itatuwan tana ƙetaro waya ta faɗo waje ta gefen yamma, sai ya kafa masaƙarsa a nan, jikin shingen. Yana farawa da sassafe, inuwar tana janyewa yana matsawa, har ta shige cikin waya ta bar shi. Daga nan sai ya naɗe zarensa ya tafi gida. Mai gadi yakan kau da kai kamar bai gani ba, wai shi a nan alheri yake yi. Babu abin da ya taɓa ƙona mini rai kamar in dawo daga tafiya in hango tsohon nan a rakuɓe jikin waya, yana satar inuwar iccen da ya shayar da ruwan alwalarsa.

A haka ya yi shekarunsa na ƙarshe. Da wata bazara zazzaɓi ya kwantar da shi, bai daɗe ba, Allah ya karɓi abinsa da safe. Zafin ranar nan ba ya barin a jinkirta, aka ce a yi jana'iza kafin azahar. A garinmu itace ake jerawa a kan kabari kafin a rufe da ƙasa, ba tukwane ba kamar yadda na gani a Kano. Masu haƙa suka aiko a kawo itace. A da, sai dai a shiga bayan gari a saro. Yanzu bayan gari duk gonakin gyaɗa ne, an share shi tas, masu itacen wuta kuma ƙirare kawai suke kawowa.

Na ɗauki gatari na nufi lambun. Mai gadi yana ganina ya miƙe, ya riga ya ji rasuwar, idonsa ya yi ja.

Na ce, “Buɗe. Reshe biyu zan sara a iccen Baba.”

Ya ce, “Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Amma sara sai da izinin malamin daji.”

“Ina malamin?”

“Ya tafi Gumel, sai gobe.”

“Gawar za ta jira gobe?”

Sai ya fashe da kuka. Ya ce in aka ga sara a jikin icce aikinsa ya tafi, ga 'ya'ya, ga tsohuwarsa. Yana kuka, hannunsa yana kan kwaɗon. Na daɗe a tsaye ina kallon iccen ta cikin waya, ya yi lif, rassa har sun yi masa yawa. Na juya. Daga baya mai gadin ya zo, har da shi aka ɗauki makara. Mutane suna cewa in yafe masa, shi ma bawan wani ne. Na sani. Ban yafe ba.

Na shiga gida da gatari a hannu, babu itace. Mata sun cika tsakar gida, suna zaune a ƙarƙashin rumfar da Inna take girki da kaɗi. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta na gaya mata abin da ya faru. Sai ta ce, “Ku tashi matan nan, ku rushe rumfar. Itacen gidansa ne, ba wanda zai tambaye ku izini.”

Muka sauke zanar, muka tumɓuke dirkokin, muka sassare su daidai faɗin kabari. Da su aka rufe Baba.

Ba a sami itacen da za a sake kafa rumfar ba sai bayan damina. Haka Inna ta yi takabarta a tsakar gidan da babu inuwa, da safe ta zauna gindin wannan katanga, da yamma ta ja tabarmarta zuwa waccan.